Hajiya ta ce za ta riƙa sa min hannu, ba sai mun zauna ba

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Hiyustan da ke jihar Teksas a Amurka. Na gama digiri na biyu a fannin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, na kuma ci jarrabawar NCE, wato jarrabawar ƙasa ta masu ba da shawara. Saura in karɓi lasisin farko, wanda ba a bayarwa sai mutum ya kawo sunan sufabaizan da zai riƙa duba aikinsa. A nan na cije. Waɗanda na tuntuɓa, wasu sun ce ba gurbi, wasu kuma abin da suke nema duk wata ya fi ƙarfina, ga bashin makaranta. Wata cibiya ta yi min tayin aiki da sufabaiza kyauta, sai dai albashin ba yawa, kuma an rubuta cewa in na bar su kafin wa'adin da suka ɗiba zan biya kuɗin dubawar da aka yi min. Ana cikin haka sai ga wata Hajiya, aminiyar uwar mijina, wadda take da lasisin dubawa. Ta ce in ba ta rabin abin da ake biya, ba sai mun riƙa zama ba, in dai turo mata lissafin awowina tana sa hannu, tunda ta san tarbiyyata. Ta ce har awowin da na yi ina sauraron matan masallacinmu tun da na gama makaranta za ta iya haɗa min. Maigida ya ce wannan sauƙi ne daga Allah, Mama, wato mahaifiyarsa, kuma har ta yi mata godiya. Ni raina bai kwanta ba, amma ina jin nauyin in ƙi. Kuma muna da niyyar komawa gida wata rana, ban san ko duk wahalar nan za ta yi min rana a can ba. Me kike gani?

Ƙanwarki a Hiyustan

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a karatun da kika yi.

Kada ki karɓi tayin Hajiya. Na fara da wannan don kada ki yi ta karanta ni kina sa ran zan nemo miki wata kafa a ƙarshe. Babu ita.

Bari mu fara da abin da ke rubuce. Hukumar da ke ba da lasisin nan a Teksas, wato BHEC da ke birnin Ostin, ta gindaya wa mai lasisin farko awa 3,000 na aiki a ƙarƙashin dubawa, aƙalla 1,500 daga ciki gaba da gaba da masu neman shawara, kuma ba za a gama su cikin ƙasa da wata 18 ba. A kowane wata sai an zauna da sufabaiza aƙalla awa 4, kuma zaman rukuni ba zai wuce rabin jimillar zaman ba. Takardar da za a miƙa a ƙarshe shaida ce cewa an yi waɗannan zaman. In ba a yi ba aka sa hannu, sunansa shaidar zur a gaban hukuma, kuma hannu biyu ne a ciki, nata da naki. Ita tana da shekarun aiki a bayanta, ƙila ma ta fara tunanin ritaya. Ke ko ba ki fara ba. In abin ya tonu, wa ya fi asara?

Batun matan masallaci kuwa ya fi sauƙin yankewa. Agogon awa 3,000 ba ya fara bugawa sai ranar da lasisin farko ya fito, da sunan sufabaizan da hukuma ta amince da shi. Duk abin da kika yi kafin wannan rana, ladansa yana wurin Allah, amma a lissafin hukuma sifili ne. Wadda take da lasisin dubawa ta san wannan sarai, don ba a ba ta shi sai da ta shekara 5 da cikakken lasisi ta kuma yi kwas na awa 40 a kan dubawa. To in ta sani ta kuma yi miki wannan tayin, kin ga irin dubawar da za ki samu. In kuma ba ta sani ba, abin ya fi muni.

Amma ba tsoron kamu ne babban dalilina ba. Mu ɗauka har abada ba wanda zai gano. Duk da haka ke aka cuta.

Ki lissafa: awa 4 sau wata 18, awa 72 ke nan cikin 3,000. Su ne kaɗai lokacin da doka ta tilasta wa wani gogagge ya zauna ya dubi yadda kike aiki. Bayan kin karɓi cikakken lasisi ba mai sake tilasta wa kowa ya duba ki. Za ki shiga ɗaki da mutum, ki rufe ƙofa, ku yi minti 50, ya fita, ba wanda ya ji abin da kika faɗa masa. Haka za ki yi shekara da shekaru. Duk halin da ya bi ki a shekara biyun farko, mai kyau ko maras kyau, shi zai zauna miki. Ba a koyon ungozoma a wurin wadda ba ta taɓa shiga ɗakin haihuwa tare da ke ba, ko da kuwa ta rubuta miki takarda cewa kin iya.

Akwai ranakun da makaranta ba ta isa ta shirya ki ba. Yarinya 'yar shekara 15 za ta ja hannun rigarta ta nuna miki inda take yanka kanta, ta ce ki rantse ba za ki gaya wa uwarta ba. Wani magidanci zai ce miki, murya ƙasa-ƙasa, ya san inda tsohuwar matarsa take ajiye mota. Na tabbata an koya muku shari'ar Tarasoff ta Kalifoniya ta 1976, wadda ta ɗora wa mai ba da shawara nauyin kare mutumin da aka yi wa barazana. To Teksas ba haka take ba. A 1999, a shari'ar Thapar da Zezulka, kotun ƙolin jihar ta ce babu wannan wajibcin na gargaɗin wanda aka yi wa barazana. Abin da dokar jihar ta yarje shi ne a sanar da jami'an tsaro ko na lafiya in ana ganin haɗari ya kusa. Ke nan in kika ɗauki waya kika kira matar da kanki saboda abin da kika tuna daga littafi, kina iya zama ke ce kika karya dokar sirri. Cin zarafin yara kuma nasa hukuncin daban: kai rahoto wajibi ne a kanki ke da kanki, ba a wakilta wani. Irin waɗannan ba sa zuwa da safe lokacin da kowa yana ofis. Suna zuwa ne a zaman ƙarshe na ranar Juma'a. A wannan lokacin kina buƙatar mutumin da ya san masu zuwa wurinki, ya karanta rubutunki, zai kuma ɗaga waya. Hajiyar da ba ta taɓa jin labarin yarinyar ba, me za ta ce miki?

Waɗannan ma masu ƙara ne, kowa yana jin su. Waɗanda suka fi yawa ba su da ƙara. Mu da muka tashi a gida an raine mu da ba da magana. Ƙanwa ta zo da kuka, kafin ta rufe baki mun ce ta yi haƙuri, ta yawaita addu'a, zaman aure ɗan haƙuri ne. A tsakar gida wannan yana da muhallinsa. A ɗakin aiki kuwa yana toshe bakin mutum, ya tafi da abin da ya kawo shi bai faɗa ba. Ke ba za ki ji kanki kina yi ba. Sai wani ya saurari zaman da kika naɗa da izinin mai shi, ya tsayar a minti na 12, ya ce: nan ta yi shiru za ta faɗi wani abu, me ya sa kika cike shirun? Ko ya lura duk matar da ta yi kama da mahaifiyarki sai ki kasa yi mata tambaya mai tsauri. Ko ya ga kina ƙara wa wani minti 20 kullum saboda tausayi, ya tambaye ki tausayin wa kike ji. Wannan aikin kike biya wa kuɗi. Sa hannu kawai, ko kyauta aka ba ki ya yi tsada.

Sai kuma zumuncin. Ƙa'idar Teksas ta hana ɗan'uwa na kusa, na jini ko na aure, ya zama sufabaizan mutum, ta kuma ce a guji duk alaƙar da za ta hana shi yin hukunci tsakani da Allah. Hajiya ba 'yar'uwarki ba ce a takarda, amma ki tambayi kanki: za ki iya zama gabanta ki ce, Hajiya, jiya na tafka kuskure, na faɗa wa mutum abin da bai kamata ba? Za ki iya ce mata kin kasa barci saboda labarin wata ya taɓo abin da ke tsakaninki da maigida? Kin san ba za ki iya ba, kunya ba za ta bari ba, kuma kin san da wa take shan shayi ranar Lahadi. Ita ma ba za ta iya ce miki aikinki bai kai ba, ta rubuta miki tsarin gyara kamar yadda ƙa'ida ta ɗora mata, alhali gobe za ta haɗu da Mama a wurin suna. In kuma wata rana kuka saɓa, awowinki suna hannunta, rigimar kuma ta zama ta dangi.

Yanzu tayin cibiyar. Ni ban raina shi ba. Da yawan masu lasisi ta irin wannan ƙofar suka shiga, kuma wuraren da albashinsu bai taka kara ya karya ba su ne suke da mutane, su ne za ki ga cuta iri-iri a cikinsu. Sharaɗin biya in an tafi da wuri ma ba baƙon abu ba ne. Abin dubawa shi ne yadda aka rubuta shi. Nawa ne kuɗin, a rubuce da lamba? Yana raguwa da kowane watan da kika yi, ko ko ranar ƙarshe kika tafi sai kin biya duka? In su suka sallame ki, ko sufabaizan ya bar aiki suka kasa kawo wani, har yanzu bashin yana kanki? Ki nemi a rubuta cewa duk ranar da kika tafi za a cike miki takardar awowin da kika yi, ba tare da an jingina ta da biyan kuɗin ba. Ki tambaya ko ma'aikaciyarsu za ki zama, mai takardar haraji ta W-2, ko 'yar kwangila mai 1099, don ta biyun ke za ki biya harajinki duka kuma ba inshorar lafiya. Kuɗin awa ɗaya na lauyan ƙwadago ya karanta miki takardar bai kai abin da sharaɗi ɗaya maras kyau zai ci miki ba.

Tambayar da sababbi suke mantawa ita ce ta awowin gaba da gaba. Awa 3,000 a mako mai awa 40 mako 75 ne, wato wata 18 ɗin nan na mai aiki cikakke ne ba hutu. Awa 1,500 kuma a wannan tsawon yana nufin kusan awa 19 kowane mako kina zaune da mutane. In wurin ba zai iya ba ki fiye da awa 10 ba, kin doshi shekara 3. Lasisin farko yana da wa'adin wata 60, saboda haka akwai sarari, amma ke mai ƙaramin gida ce, haihuwa na iya zuwa, tafiya gida na iya tasowa. Ki tambayi wata da take aiki a can yanzu, ba mai ɗaukar aiki ba, mutum nawa take gani a mako kuma ana yin zaman dubawar da gaske ko kullum ana ɗagawa. Sannan ki gano ko sufabaizan shi ne kuma shugabanki na ofis. In shi ne, mutumin da za ki kai wa kurakuranki shi ne mai rubuta ƙarin albashinki. Ana iya zama da hakan, amma gara ki sani tun farko. Ƙa'ida ta yarda mutum ya riƙe sufabaiza biyu a lokaci ɗaya, don haka wasu sukan ƙara da na waje in hali ya samu.

In kuma takardar cibiyar ba ta gyaru ba, ba ita kaɗai ba ce a gari. Harris Center, wadda ita ce hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gundumar da Hiyustan take ciki, da ƙananan asibitocin unguwa masu tallafin gwamnatin tarayya, da wuraren jinyar masu shaye-shaye, da ƙungiyoyin da ke karɓar 'yan gudun hijira, duk wurare ne da ya kamata ki leƙa ki tambaya ko suna ɗaukar masu lasisin farko da kuma ko dubawa tana cikin aikin. Ki koma wa malaman da suka koyar da ke da wurin da kika yi aikin koyo, su suka san wa ke da gurbi kuma wa ya iya. Ƙungiyar masu ba da shawara ta Teksas tana da rassa da taruka, a can ake jin irin wannan labarin. Kuma tunda ana yarda da zama ta bidiyo, ba dole sai mazaunin Hiyustan ba, duk mai lasisin dubawa na jihar ya isa. Batun kuɗi ma akwai dabara ta halal: zaman mutum biyu da sufabaiza ɗaya ana lissafa shi a matsayin zaman ɗaiɗai, zaman rukuni kuma ya fi araha kuma an yarda da shi har rabi. Ki nemi abokiyar karatunki ku je tare.

Duk wanda kika samu, ki fara duba sunansa a shafin hukumar, ki tabbatar lasisinsa da izinin dubawarsa suna raye kuma ba hukunci a kansa, don awowin da aka yi a ƙarƙashin wanda izininsa ya mutu suna iya tashi a banza. Sannan ki yi masa tambayoyi kamar ke ce mai ɗaukar aiki, don ke ce. Mutum nawa yake dubawa yanzu? Yana sauraron zaman da aka naɗa, yana karanta rubutu, ko hira kawai ake yi? In abu ya taso da dare, ta ina ake samunsa, kuma wa ke tsaya masa in ya yi tafiya? Ya taɓa ƙin sa wa wani hannu? Ki kawo masa misalin matar da ta ce aljanu ne suke damunta kuma an riga an kai ta wurin ruƙiyya, ki ji me zai ce. Ba sai Musulmi ba, ba sai ɗan Afirka ba. Wanda ya yi dariya ki tashi. Wanda ya ce bai san abin ba, ki ba shi labari, sannan ya fara tambayar barcinta da cin abincinta da ko tana jin muryoyi, wannan ki riƙe shi.

Ƙananan abubuwa da sauri. Ki sayi inshorar aiki, wato wadda ke kare ki in aka yi ƙararki kan aikinki, da sunanki ko da cibiya tana da tata. Ki riƙe lissafin awowinki da kanki, a sa miki hannu duk wata, kwafi yana gida. Duk inda kika rubuta sunanki na aiki, ki sa matsayinki na mai lasisin farko da sunan mai duba ki, haka ƙa'ida ta ce. In za ki canza sufabaiza, a sanar da hukuma a rubuce. Kuma ba a daina zaman dubawa ranar da awa ta cika, sai cikakken lasisi ya fito.

Matan masallaci fa, ki ci gaba da zama 'yar'uwarsu, amma kada ki bari a riƙa cewa a je wurin likitarmu. Wadda kuke sahu ɗaya da ita, kuke haɗuwa a biki, ba za ta zama mai zuwa wurinki a aiki ba, ko bayan kin sami lasisi. Abin da za ki yi musu wanda ya fi amfani shi ne ki san inda za ki tura su, ki kuma sa su haddace lamba 988, layin gaggawa na masu tunanin kashe kansu. Haka 'yan'uwan da za su fara kira daga wasu jihohi: lasisi yana bin inda mai neman shawara yake zaune ne, ba inda kike ba. Ko ƙaura ta kama ku kafin ki gama, ki karanta ƙa'idar sabuwar jihar tun kafin a ɗaure kaya. A Niyu Yok, misali, mai izinin wucin gadi ba ya ɗaukar sufabaiza da kuɗin aljihunsa kamar yadda ake yi a Teksas, sai ta wurin aikin da hukuma ta amince da shi.

Kin tambayi gida. Lasisin Teksas ba ya aiki a Najeriya, amma can ma an fara ɗaure abin da doka: a 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar kula da masu aikin ba da shawara, a farkon 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Duk hukumar da za ki tsaya gabanta a nan gaba takardu za ta nema, saboda haka ki adana komai, har bayanin kwasa-kwasan da kika yi. Abin da zai bi ki Zariya ba tare da an buga masa hatimi ba kuwa shi ne iya aikin, kuma can ba lallai ki sami wanda zai duba ki ba, ƙila ma ke za a kawo wa ƙanana ki duba.

Saura mai wuyar, wato mutanen gida. Maigida ki same shi da lissafi, ba da wa'azi ba. Ki nuna masa abin da dubawa ta gaskiya za ta ci a wata 18, ki ajiye shi kusa da kuɗin digirin da za a yi asararsa in aka soke lasisi. Ki gaya masa cikakken lasisi ne yake buɗe ƙofar kamfanonin inshora, kuma tun 1 ga Janairun 2024 shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi, ya fara biyan masu irin lasisinki. In ya gamsu, shi zai yi wa Mama bayani, ba ke ba. Ɗa ne yake warware godiyar da uwarsa ta riga ta yi.

Hajiya kuma ki je da ƙafarki, kada ki tura saƙon waya, ki riƙe ɗan turare. Ba sai kin ce mata tayinta haramun ne ba, ba ke za ki yi mata tarbiyya ba. Ki ce: Hajiya, na gode da kika ɗauke ni 'ya. Na duba ƙa'idar, na ga kusancinki da Mama zai iya jawo miki magana a wurin hukuma, ni kuma ba zan so a taɓa lasisinki saboda ni ba. Ki bar ni in nemi bare, ke kuma ki zama uwata a wannan aikin, in riƙa zuwa neman shawara. Duk abin da ke cikin wannan magana gaskiya ne. In kin koma wurinta daga baya, ku yi hirar sana'a da inda ake samun aiki, amma labarin masu zuwa wurinki ba ya shiga falonta ko da an sakaya suna, don jama'armu a Hiyustan ba su da yawan da za a kasa gane mutum. Kafin ki tashi, ki roƙe ta sunan mutum biyu cikin abokan aikinta da take ganin sun fi tsanani a dubawa, ki kira su a makon.